Ƙusa a Kwarin Kwano

Daga Mika'ilu a Tudun Wada zuwa ga Babana Nagoda magini, cikin birnin Zazzau. Gaisuwa da ban girma, da fatan kana lafiya, kai da Gwaggo Hajo.

Bayan haka, Baba, na san za ka ce daga nan zuwa gidanka ba tafiyar takarda ba ce. Ƙafata ce ta ƙi. Sau biyu ina zuwa Ƙofar Doka ina juyawa, shi ya sa na ba Labaran mai jakuna ya kawo maka wannan.

Ka tuna ranar da na bar gida, na ce rufin ƙasa ya ƙare, kwanon da Nasara suka kawo shi ne na yanzu. To, akwai wani Malam Jafaru da ya taso daga Katsina ya zauna nan da littattafan kakansa. Ya ba ni rufin ɗakin karatunsa don ya ji ni ɗan gidanka ne. Ban gaya masa ba cewa iyakar sanina da kwano dakonsa ne, daga tashar jirgi zuwa sito.

Kwanon nan ba a miƙe yake ba, Baba, tudu da kwari ne, tudu da kwari. Na ga kwarin ne ke zama a kan katako, sai na ce a nan ƙusa za ta kama, tunda kai ka koya mini azara ba ta zama a kan iska. Na bi kwarin na buge ƙusoshi, na shafe kawunansu da makuba, irin wadda muke shafe soro da ita. Ranar Talata bayan la'asar aka yi ruwan farko. Makubar ta wanke tas, ɗakin ya zuba kamar rariya, gafaka uku na littattafai suka jiƙe. Na tarar da Malam yana shanya takardu ɗaya-ɗaya a tsakar gida. Bai ce mini komai ba sai, "Sannu, ɗan Nagoda." Wallahi da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi.

Ka gaya mini abin da zan yi. Haza wassalam.

*

Daga Nagoda zuwa ga ɗana Mika'ilu, sarkin kwano. Gaisuwa. Gwaggonka ta ce a tambaye ka ko kana cin abinci. Ita ta tambaya, ba ni ba.

Bayan haka, ni kwanon da na sani na tuwo ne, shi ma ban taɓa ganin mai hankali ya huda gindinsa ba. Amma na karanta takardarka sau biyu, na kuma yi dariyar baƙin ciki. Shekara tara kana miƙo mini indararo ina kan soro. Mene ne indararo? Hanyar da ruwa ke bi ya bar rufi. To, in ruwa ya sauka a kan tudun kwanon naka, ina zai gangara? Kowane kwari indararo ne, kai kuma ka bi su ɗaya bayan ɗaya ka huhhuda. Sunan ne ya ruɗe ka. Da an ce maka indararo ne, da ko ƙusa ɗaya ba ka kai kusa da shi ba. Makuba kuwa ƙasa take kamawa, ba ƙarfe ba. Wannan ko Gwaggonka ta sani.

Je ka wurin kafintocin tasha, ka durƙusa ka tambaya. Daga nan ka wuce wurin Malam ka ce masa ba ka iya ba, ƙarya ka yi masa. Zai yi ɗaci, amma ba a mutuwa da shi. Allah ya shirye ka. Wassalam.

*

Daga Mika'ilu zuwa ga Baba Nagoda, gaisuwa da ban girma.

Bayan haka, na je tasha. Babban kafintansu ya ce yadda ka faɗa haka yake: a kan tudu ake buga ƙusa, da zoben darma a ƙarƙashin kanta. Ya ce kwanon da na huda ya tashi daga aiki. Ya kira abokan aikinsa ya sa na maimaita musu batun makuba, suka yi ta dariya har da riƙe ciki. Na shanye wannan.

Wurin Malam ne na kasa zuwa, don akwai abin da na ɓoye maka. Ranar da na gama rufin, ya daɗe tsaye yana kallonsa, ya ce ƙusoshin ba su zauna kamar na rumfar tasha ba, zai bar littattafansa a zaure tukuna. Kunya ta kama ni, sai na ce masa kai da kanka ka zo ka hau ka duba, ka ce ya yi. Da jin sunanka ya sa aka shigar da su a ranar. A cikinsu akwai wanda kakansa ya rubuta da hannunsa, babu irinsa a ko'ina. Takardu goma sha ɗaya a cikinsa tawadarsu ta gudu, ba sa karantuwa.

Ya aiko mini cewa ranar Juma'a zai shigo birni ya same ka. Baba, ka ƙaryata ni a gabansa da gaban kowa. Sunanka ne, ba ni na gina shi ba, ba ni da ikon rushe shi. In ka ce kada in sake kiran kaina ɗan gidanka, ban ga laifinka ba. Ka yafe mini. Haza wassalam.

*

Daga Nagoda zuwa ga Mika'ilu. Gaisuwa.

Malam Jafaru ya zo bayan an sauko daga masallaci, zaure cike da magina. Ya buɗe littafin a gabana, ya tambaye ni ko ni na duba rufin. Na dubi takardun, na ce ni ne.

Shekara arba'in ina hawa soron mutane, ban taɓa yi wa mai gida ƙarya ba sai jiya. Kada ka yi mini godiya, ba zan amsa ba. Gobe da hantsi ka same ni a gidansa, za mu sauke kwanon. Ni zan hau, tunda yanzu aikina ne. Kai ka riƙe mini tsani.

Wassalam.