Gida na Huɗu a Bayan Filin Ƙwallo

Litinin, 1 ga Satumba

Manaja ya kira ni da safe. Na ɗauka wasiƙa zan buga masa, sai ya nuna mini kwalaye shida a jikin bango, cike da takardu. Wai kulob na son faɗaɗa filin ƙwallo, daga kujera dubu takwas zuwa dubu ashirin, amma kamfanin da zai yi ginin ya ce sai ya ga shaidar 'yan kallo na so. Tambaya uku ce a takardar. Kana zuwa kallo? Sau nawa aka mayar da kai daga ƙofa? Kana so a faɗaɗa, eh ko a'a? In "eh" ta kai dubu goma kafin wata ya ƙare, magana ta ƙare. Ni zan raba, ni zan tattara, ni zan ƙirga. Shekara shida ina akawu a ofishin nan, ba a taɓa ba ni makullin komai ba sai yau.

Ina cikin murna na hango zanen da ke kan teburinsa. Sabon ɓangaren gabas ya hau kan layinmu. Na bi da ido daga kwana: shagon Mai Walda, gidan tela, gidan haya, namu. Duk an shafa musu ja.

Na ce, "Yallaɓai, waɗannan fa?"

Ya ce, "'Yan gidaje ne a baya, za a san yadda za a yi da su."

Bai san a nan nake ba. Bai taɓa tambaya ba. Na ce to. Na zura makullin ɗakin da za a ajiye takardun a jaka, na fita.

Talata, 2 ga Satumba

Ban gaya wa Baba ba.

Alhamis, 4 ga Satumba

Na dawo na tarar da Baba yana toshe tsagar bangon kicin da hannu ɗaya, ɗayan da ƙafar ɓangaren tun ciwon bara ba su dawo daidai ba. Na ce ya bari a kira magini. Ya ce maginin da ya ɗora bulon farko a gidan nan shi ne a gabana. Haka ne kuwa. Shekara talatin yana tuƙin bas, ɗaki ɗaki ya gina shi. A ɗakin tsakiya aka haife ni, a nan Umma ta cika.

Ya daina shiga kallo saboda matakala, amma daga tsakar gida yake bin wasa. Ihun mutane kawai zai ji ya ce an ci, kafin rediyo ta faɗa. Yau har yana cewa wanda ya fi shi kujera a garin nan sai alƙalin wasa. Na yi dariyar dole.

Asabar, 6 ga Satumba

Wasan farko. Na sa tebur a ƙofar gabas, Dogo mai tsaron ƙofar ya kafa mini laima. Na yi ta addu'a mutane su ƙi kula ni. Ina! Rububi aka yi, har biro ana ƙwace wa juna. Wani dattijo ya rubuta a gefen tasa: "Tun ina saurayi ake mana wannan alkawari."

Na ƙirga bayan an tashi. Dubu biyu da ɗari takwas. "A'a" guda tamanin da ɗaya.

Talata, 9 ga Satumba

Mai Walda ya tare ni a kwana. Ya kashe injin, ya ɗaga baƙin gilashin daga fuskarsa. Mutumin da ya gyara mini keke ina 'yar firamare.

"'Yar Direba, an ce ke ce mai ƙirga."

Ban san wa ya kai masa ba. Na ce aiki ne aka ba ni, Kawu. Ya ce shi ma aiki yake a wurin nan tun ba a haife ni ba, in an rushe ina zai kai injin, saman kansa? Sai ya rage murya. "Takarda dai takarda ce. Ruwa na jiƙa ta, iska na ɗauke ta. Layin nan kowa ya san kowa."

Ban san ko roƙo ne ko gargaɗi ba. Matar tela ba ta amsa gaisuwata ba.

Laraba, 10 ga Satumba

An rubuta da gawayi a ƙofarmu: MACIYA AMANA. Allah ya sa ni na fara fita. Na wanke da omo da soso kafin Baba ya fito, har yanzu ana ganin inuwar M ɗin in an ƙura ido.

Juma'a, 12 ga Satumba

Na yi.

Takarda ɗari uku, duk "eh". Na sa su a ƙasan jakata, na rufe da gyale. Maigadin ofis ya ce, "Yau jakar ta yi nauyi, Hajiya." Wasa yake, kullum sai ya faɗi wani abu. Amma har na iso gida ina jin kamar ana bina. Suna cikin akwatin Umma, ƙarƙashin zannuwanta. Baba ba ya buɗe akwatin nan, ba ya ma kallonsa.

Ni ba ɓarauniya ba ce. Na rubuta don in gani a rubuce.

Litinin, 15 ga Satumba

Wasu ɗari huɗu, daga na shekaranjiya.

Da rana Manaja ya leƙo, yana shan shayi, ya ce af, ya manta bai gaya mini ba, kowace takarda da lambarta a ƙasa. Kamfani za su aiko da nasu mutum ranar ashirin da tara ya bi lambobin ɗaya bayan ɗaya. Na duba. Ga su nan ƙanana a kusurwa, kamar kiyashi. Sati biyu ina juya takardun nan ban gani ba.

Na shiga bayi na yi amai.

Laraba, 17 ga Satumba

In mayar, gida ya tafi. In ƙona, aiki ya tafi, wataƙila har da 'yan sanda, kuma Baba ya ji a bakin mutane. Ko waya ta yi ƙara a ofis sai gabana ya faɗi. Na buga wasiƙa ɗaya sau uku yau.

Asabar, 20 ga Satumba

Ban san ta inda zan fara ba.

Babban wasa ne, da abokan hamayyarmu. Tun ƙarfe uku fili ya cika, aka ce Dogo ya rufe ƙofar gabas. Mutane kuwa na ta zuwa, da tikitinsu a hannu. Na baya ba su san an rufe ba. Hanyar nan siririya ce, bangon fili a gefe ɗaya, shingen ƙarfe a ɗaya gefen, bayan shingen kuma layinmu ne. Aka ci ƙwallo a ciki, ihu ya tashi, sai na baya suka danno.

Teburina ya fara tafiya da kansa. Ya matse ni da bango a daidai ciki. Ina so in yi ihu, babu iska. Fuskar wani mutum na manne da kafaɗata, yana cewa "Dan Allah, dan Allah," ba da kowa yake ba. Wata mata ta ɗaga 'yarta sama da hannu biyu, yarinyar ba ta kuka, idonta kawai. Ban san yadda na hau teburin ba. Na karɓe ta. Daga sama na ga kawuna har kwana, suna tangaɗi kamar ruwa a bokiti, wasu kuma sai in ga kai ya nutse bai dawo ba.

Dogo ya buɗe ƙofar ba da izinin kowa ba, ƙarfen ya buge shi a ƙirji. Bai isa ba, ciki ma a cike yake.

Sai na ji ƙarar injin yanka. Mai Walda ne ta bayan shinge, ya jawo waya daga shagonsa, tartsatsi na zuba masa a hannu. Ya yanke sanda huɗu, tela da 'yan gidan haya suka ja shingen ya kwanta. Mutane suka zubo cikin layinmu.

Babu wanda ya mutu. Sai na sake rubutawa: babu wanda ya mutu. Sha ɗaya suna asibiti. Dogo haƙarƙari uku.

Da na iso gida da yarinyar a kafaɗa, tsakar gidanmu cike da mutanen da ban sani ba, a kwance. Baba na bin su da kofin ruwa, sandarsa a ƙarƙashin hammata. A nan uwar ta same mu, takalmi ɗaya a ƙafarta. An ɗaure wa wani saurayi kai da zane mai ruwan toka. Na san zanen. Na Umma ne.

Lahadi, 21 ga Satumba

Baba ya bari sai da muka karya. Sannan ya shiga ɗaki ya fito da takardun, a ɗaure da igiya, ya ajiye a gabana.

"Ina neman abin ɗaure ciwo na gamu da su. Na karanta wasu. Wannan ya ce sau biyar ana mayar da shi. Jiya ina yake tsaye, kin sani?"

Na ce, "Baba, gidanmu ne za a rushe."

Ya ce, "Ƙafata ce ta mutu, ba idona ba. Tun watan jiya na ga masu awo a kwana." Ya daɗe yana kallon bangon da ya toshe. "Kin ga ina so? Ba na so. Ko kusa. Amma waɗannan ba naki ba ne, maganar mutane ce suka ba ki riƙo. Fasinja ya manta jaka a motata, ban taɓa buɗewa ba."

Na yi kuka kamar ƙaramar yarinya. Bai lallashe ni ba. Ya dai tura mini sauran shayinsa.

Litinin, 22 ga Satumba

Na yi niyyar zura su cikin kwali shiru. Amma Manaja na zaune a ofishina da na shigo, idonsa jawur, daga asibiti yake. Na ɗora su a tebur na faɗa masa komai, a tsaye, muryata kamar ba tawa ba.

Ya ce, "Wane gida?"

Na ce na huɗu.

Sannan ya miƙo hannu, na ba shi makullin. Ya ce in koma buga wasiƙu, bayan an gama ƙirga za a zauna a kan maganata. Ban san me zaman zai haifa ba.

Alhamis, 25 ga Satumba

Na je duba Dogo. Dariya na masa ciwo, amma sai da ya ce in biya shi laimarsa.

Mai Walda ya naɗe hannu biyu da bandeji. Na ce sannu, Kawu. Ya ce, "An ce kin mayar." Na ce eh. Ya juya baya.

Talata, 30 ga Satumba

"Eh" dubu goma da ɗari huɗu da sha biyu.

Na cire ɗari bakwai a zuci. Kada in sake yin wannan lissafin.

Alhamis, 9 ga Oktoba

Har yanzu ba a zauna a kan maganata ba. Kullum in na shiga ofis sai na duba ko akwai ambulan a teburina. Ba mu san inda za mu koma ba, an ce za a kira mutanen layi taro, an ce, an ce.

Yau injiniyoyi biyu suka zo auna bangonmu. Baba ya shige ɗaki ya rufo ƙofa. Iska na kaɗa tef ɗin awo, babbansu ya ce in taimaka in riƙe masa baki. Na riƙe. Bangon ɗakin tsakiya ne.

Ban san me ya kai ni ba, na tambaye shi ƙofar gabas ɗin sabuwa, faɗinta nawa. Ya ce ba ɗaya ba ce, shida ne, kowace ɗaya mota biyu za su iya wucewa ta cikinta a jere, kuma duk waje suke buɗewa.

Na ce, "Alhamdulillahi."

Matar tela na tsaye a ƙofarta, ta ji. Na so in ce ba haka nake nufi ba. Ban ce ba. Mutumin ya ce in ɗan matsa da tef ɗin hagu, na matsa.