Yatsa Ɗaya a Kan Teburin Shayi

Zuwa ga Lai-kuen, farin watan da ya faɗi ban ga faɗuwarsa ba, furen lemon ƙofar gidanmu, ruwan rijiyar garinmu Toisan da har yau ban sha mai daɗinsa ba. Matata, in har kin yarda in ci gaba da kiran ki haka!

Kin tuna washegarin aurenmu, da muka je gidan shayin bakin kasuwa da innata? Tururi na tashi daga kwandunan gora kamar hazon gonar shinkafa da sassafe. Na zuba miki shayi, kika ƙwanƙwasa tebur don godiya, amma da yatsa ɗaya, irin na ƴanmata. Inna ta harare ki ta ce, "Ke ƴar nan, jiya wa aka yi wa aure, akuyar maƙwabta?" Kunnuwanki suka yi ja, kika sunkuyar da kai, kika haɗa yatsu biyu irin na matan aure. Tak-tak! Wace ganga ce ta taɓa yi mini daɗi kamar wannan?

Na ce miki shekara biyu zan yi a Hong Kong. Na yi ashirin da uku. Garin nan ya tsotse ni ya tofar da ƙashi, yadda ake yi wa ƙafar kaza. Dako a tashar jiragen ruwa ya lanƙwasa bayana, yanzu gadin wani bene nake yi. Kin daina rubuto mini shekara bakwai da suka wuce, kuma ba zan ɓoye miki ba, na ƙullace ki. Sai bara da damina yayanki ya aiko da layi biyu wai an binne ki. Layi biyu, kamar labarin mutuwar agwagwa! Amma gaskiya ɗaya ce, da hujjarki kika daina rubuto mini. Wa zai yi ta rubutu ga inuwa? Ban zo ko ziyarar kabarinki ba. Na ce takardu ne suka hana ni. Ƙarya nake yi, kunya ce.

To ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami, ya hasken idona. Kullum da safe in na tashi daga aiki nakan hau benen wani tsohon gidan shayi in ci dim sum, ƴan ƙananan ciye-ciyen nan na cikin kwandunan gora, tebur ɗaya da Baba Tse, wani tsoho mai yawo da tsuntsu a keji. Wata guda bayan rasuwarki, mai kawo shayi ya dire mini kofi biyu. Na ce ni kaɗai ne, Baba Tse da nasa kofin. Ya dubi kujerar da ke gabana, ya dube ni, ya tafi bai ɗauke ba. Don wasa, ko don kewa, na wanke kofin na cika shi.

Tak.

Tsuntsun Baba Tse, wanda bakinsa ba ya hutawa, ya yi tsit. Ruwan kofin ya yi rawa, alhali ba wanda ya taɓa teburin.

Tun ranar kullum sai na zuba, kullum sai na ji. In butar ta ƙare sai in tarar an ɗaga murfinta an jingine shi a kan mariƙi don a ƙaro ruwa, ta gefen hagu, yadda ke kaɗai kike yi, bahaguwata. Ƴan ƙulle-ƙullen jatan landen da kike so, in na ajiye a gabanki da zafinsu, kafin in ƙifta sun yi sanyi ƙarara, na ɗanɗana babu ɗanɗano, kamar an zare musu rai. Rannan Goggo Fung mai tura amalanken abinci ta tsaya a kaina ta ce, "Kai ɗan Toisan, marowaci, kwando ɗaya za ka saya wa baiwar Allah? Dubi yadda ta rame!" Sai da ta waiga ta sake duban kujerar, ta ga ba kowa a kai, ta tura amalankenta ta wuce da sauri. Baba Tse ya lulluɓe kejinsa da mayafi ya ce, "Ƙanena, ni dai ban ga kowa ba, amma daga gobe ga teburina can."

Ba na tsoron ki, sanyin zuciyata. Tsoron me, ni da na yi shekara ashirin da uku ina cin abinci da bango? Abin da ke hana ni sakat shi ne, yatsa ɗaya kike bugawa. Ɗaya, Lai-kuen! Kin cire ni ke nan? A can inda kike, budurwa kika ce musu ke ce? In haka ne ba ki zalunce ni ba. Mijin da aka gani damina biyu kacal, wane irin miji ne? Amma in kin sallame ni, me ya ƙetaro da ke ruwa da duwatsu zuwa teburina?

An sayar da benen gidan shayin nan. Ƙarshen wata za a rufe, saura kwana tara, kuma ban san ko za ki gane wani teburin ba. Ina roƙon ki, kurciyata, sau ɗaya tak kafin ranar, ki haɗa yatsun nan biyu.

Yau da safe na juya in kira Goggo Fung, da na waigo sai na ga kofina, wanda na shanye tas, cike har baki, yana tururi. Goggo Fung ta riƙe hannuna ta ce, "Kada ka sha! Mu ke zuba wa matattu, ba su ke zuba mana ba. In ka sha, ka karɓi gayyata."

Na ƙwanƙwasa miki yatsu biyu, da ƙarfi, har mutane suka waigo. Sannan na shanye.

Wannan takarda zan ƙona ta a lungun bayan gidan shayin, hayaƙin ya kai miki. Gobe ina nan a kujerata da butar cike. In kin buga biyu, zan tashi in bi ki, ba zan tambayi ina ba, kuma wannan karon ba zan ce ki jira ni ba.

Mijinki, a wannan teburin da wancan,
Yiu-tong