Gurbin Muryar Baba

Auta,

Bayan gaisuwa, da fatan aiki bai sha kanki ba. Likita ya ce in rage magana, shi ya sa kika ga takarda.

Na saurari waƙar da muka ɗauka a situdiyonku har sau uku. Na ji ganga, na ji jitar Baffanki, ban ji kaina ba. Tun da aka yi mini aikin maƙogwaro na san muryar nan ta tafi, yanzu ga na'ura ma ta shaida. Ki goge ta, ki ba wani mai jini a jika ya rera. Shekara talatin da biyu ina waƙa, ya isa. Kada ki gaya wa Baffanki tukuna.

Allah ya yi miki albarka.
Mahaifinki

Baffa,

Ina gaishe ka da girmamawa, ina gaida mutanen gida.

Baba ya ce in goge muryarsa, ya kuma ce kada in gaya maka. Na saɓa duka biyun. Na kashe kayan kiɗan gaba ɗaya, na saurari muryar ita kaɗai. Tana nan. Kauri ta yi, ta sauko daidai inda jitarka ta bes mai kaurin sauti take, kuma idan sauti biyu masu kauri suka haɗu, mai ƙarfin ne ke danne ɗayan. Na ƙara wa muryar ƙarfi, ta koma kamar tsawa. Na rage jitar, bai wadatar ba, domin duk inda ya buɗe baki kana kai, ba ka bar masa ko numfashi ɗaya ba. A tsofaffin waƙoƙinku ba haka kake yi ba. Me ya faru?

Ka huta lafiya.
'Yarka

Injiniya sarkin maɓallai,

Gaisuwarki ta iso. Wato yau ke da na koya wa riƙe cokali ce ke duba mini kiɗa? Madalla.

To, ji. Ranar da muka fara gwaji bayan asibiti, Yaya ya ja baiti na biyu, muryar ta tsage, sai ya sunkuyar da kai. Tun muna yara ban taɓa ganin haka ba. Nan na ƙudurta duk inda zai tsage zan rufe masa da jita. Ni a ganina sutura nake masa, ashe bargo na lulluɓa masa har ka.

Ina tafe ranar Talata. Ki nuna mini inda zan yi shiru. Kuma ku gyara kujerar nan taku mai kuka, kada a ce jitata ce.

Sai na zo.
Baffanki

Baba,

Barka da hutawa, ya ƙarfin jiki?

Ga waƙar. Ban taɓa muryarka ba, ko tsagewar baiti na biyu ban gyara ba. Baffa ne ya sake kiɗansa: kana rerawa yana shiru, ka ja numfashi ya amsa. Ya yi ta mita wai yatsunsa na ƙaiƙayi. Da muka saurari baiti na biyu, ya cire tabarau ya ce fankarmu ce ke hura masa ido. Baba, ba ma kunna fanka a ɗakin ɗauka.

Ka yafe mini da na gaya masa. Idan ka saurara kana nan a kan bakanka, zan goge.

Allah ya ƙara lafiya.
Auta

Auta,

Na amsa gaisuwa, na saurara. Tsohon nan da ke rerawa ban san shi ba, amma ina so in ji abin da zai ce nan gaba. Kada ki goge.

Ki ce wa Baffanki na rubuta sabuwa, baiti huɗu. Ya zo da jitarsa, kada ya manta shirun a gida.

Allah ya yi miki albarka.
Mahaifinki