A Mayar Mini da Kwandon Sabuluna

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Kwamitin Tsabtar Kasuwa, Kafanchan.

Ranka ya daɗe, ina gaishe ka da aiki, da fatan iyali suna lafiya. Sunana Saratu, matar marigayi Bitrus ma'aikacin reluwe. Ni ce mai sayar da sabulun salo da man kaɗe da soso da asuwaki a bakin layin 'yan doya.

Ranar Talatar makon jiya, wajen ƙarfe goma na safe, wani duba-garinka, dogo mai sabuwar hula, ya tsaya a gabana. Na yi masa sannu da fara'a, a zatona ciniki ne. Sai ya ɗaga curin sabulu ɗaya, ya ce naɗe kaya a ganyen ayaba ƙazanta ne, kai ya waye, in koma leda. Ya sungumi kwandon sabulun gaba ɗaya ya yi ofis da shi. Sau biyu na je nemanka, aka ce ka tafi taro. Shi ya sa na ɗauki biro.

Na ɗaya, ganyen nan ni nake yanko shi a bayan gidana, in wanke, in kara a wuta ya yi laushi, sannan in naɗe sabulun. Mai saye in ya kwance, ya miƙa wa akuya, ko ya watsa a lambu ya zama taki.

Na biyu, kowace Asabar ɗin ƙarshen wata, ranar share gari, kai da kanka kake tsayawa a kanmu muna yashe kwata. Ka taɓa ganin mun ciro ganyena? Leda muke ja, baƙa da fara, har bayanmu ya ƙage. Bara akuyata mai ciki ta rame ta mutu. Da mahauci ya buɗe cikinta, leda ce dunƙule kamar kan jariri. Tun ranar na ce leda ba za ta fita daga hannuna zuwa gidan kowa ba.

Na uku, Mama Ngozi, maƙwabciyata a kwatas ɗin reluwe, da sabuluna da man kaɗe take wa jikanta wanka, don sabulun kanti yana fito masa da ƙuraje. Kullum da safe sai ta leƙo ta tambaye ni ko gwamnati ta gama wanka da sabulun da ta ƙwace.

Abin da ya fi damuna kwandon ne. Uwata ta saƙa shi a ƙauyenmu kusa da Zonkwa, kuma shi ne na ƙarshe kafin idonta ya mutu.

Don haka ina roƙo a mayar mini da kwandona lafiya, a kuma bar ni da ganyena. Idan kana shakka, ka zo gidana ranar da nake dafa sabulu ka duba da idonka, akwai kunun acca. Sabulun kuwa na yafe. A ba duba-garin curi biyu, don na lura da kyasfi a wuyansa. Ya gwada mako guda, zai zo da kansa neman ƙari, kuma a ganye zan naɗe masa.

Ubangiji ya ƙara maka lafiya da hikima, ya tsare maka gida.

Wassalam, taka cikin ladabi,
Saratu Bitrus, mai sabulun salo.