Ka Share wa Baba Tsagarsa

Illela,
Jihar Sakkwato.

Zuwa ga ƙanena Sharafuddeen,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Shafa'atu da ɗana Sahabi. Allah Ya ƙara muku lafiya da rufin asiri, Ya tsare ku a Fatakwal, Ya sa albarka a aikin da ya kai ka can. Mu nan alhamdu lillahi. Baban Ummu yana nan yana fama da aikin ƙaramar hukuma, Ummu kuma ta kusa sauka a Islamiyya. Gero ya yi kyau bana a ƙauyenmu Araba, har Kawu Umaru ya aiko mana da namu. Inna jikinta da sauƙi, in ban da idon, wanda zan zo kansa nan gaba.

Na san za ka yi mamakin ganin takarda a hannun Halliru direban shanu, alhali akwai waya. Dalilin shi ne na gaji. In na yi maka saƙon murya sai ka saurare shi kana tafe, ka aiko mini da hoton babban yatsa, shi ke nan ka amsa. Wannan karon ka samu wuri ka zauna ka karanta, don raina a ɓace yake, kuma kai ne sila.

Ka tuna da babbar salla da ka zo gida, ka tarar ina fama da kwamfutata, tana nauyi, tsohuwar manhajar gyaran hoto tana ta damuna da neman lambar rajista. Ka ce za ka 'yantar da ni. Ka ce akwai wani tsari wai shi Linux, na kowa da kowa, mutanen duniya suka haɗa kai suka gina shi, ba mai shi, ba mai bin ka kuɗin wata. Na tambaye ka, to abin da ba mai shi, ranar da ya ƙi aiki ƙofar wa zan buga? Ka yi dariya ka ce duk duniya za ta taimake ni. To ina sanar da kai, duk duniyar nan har yau ba ta iso Illela ba. Ka share komai, ka sa naka, ka nuna mini abu biyu uku a tsaitsaye da tsiren layya a hannunka, ka hau mota ka bar ni.

Ba zan ci haƙƙinka ba. Kwamfutar ta yi sauri, kuma tun ranar ban sake ganin cutar da memorin mutane ke kawo mini ba. Amma Sharafuddeen, hannuna ya shekara da shekaru yana sanin inda komai yake, yanzu na koma 'yar koyo a sana'ata. Manhajar da ka sa mini, mai hoton wata dabba da buroshi a baki, in na danna abin da na saba don in yanke hoto sai ta yi wani abu daban. Na gama gyara hotunan sunan gidan Adda Rahama, na adana, na tura mata, wayarta ta ƙi buɗe ko ɗaya. Ta tako tun daga Gidan Katta cikin rana ta zo ta tambaye ni ko hotunan nata na sayar. Sai daga baya na gano wai adanawa daban, fitarwa daban. Firinta kuwa sai da ta yi kwanaki ba ta san da zaman kwamfutar ba. Da na kira ka, ka ce in buɗe wata baƙar taga in rubuta wasu kalmomi, in kula kada in bar tazara inda ba ta dace ba. Ni mai gyaran hoto ce, ban nemi aikin sakatare ba.

Kuma ka manta irin aikina. Matan garin nan, har da na Ƙonni da ke tsallakowa, ba don na fi masu shagunan kasuwa iyawa suke kawo mini hotunansu ba. Suna kawowa ne don ni mace ce, hoton lalle da kitso da na cikin ɗaki ba mayafi ba zai faɗa idon namiji ba. Saboda haka ba ni da halin ajiye kwamfutar nan a wurin mai gyara in tafi gida. Sai da Baban Ummu ya raka ni bakin kasuwa, na tsaya a kan mutumin ina gadin kayana. Ya kunna, ya duba, ya juya ta, ya ce shi bai taɓa ganin irinta ba, ko ta Faransanci ce daga Nijar? Ya ce in na yarda zai share ya mayar mini da tsohon tsari. Na ce sharewa ɗaya ta ishe ni a shekarar nan.

Duk wannan da na jure, don a hankali ina koyo. Abin da ya sa na ɗauki biro shi ne hoton Baba.

Ka san shi kaɗai muke da shi. Takardar asali gara ta cinye ta a akwatin Inna tun tuni, Allah Ya taimaka na riga na ɗauke ta a sikana. Ka kuma ga yadda yake, duk karce da tsattsagewa. Ranar da za ka tafi ka ce za ka nuna mini abin da sabuwar manhajar ta iya, ka zauna ka goge karcen nan kaf, ka ce kyautarka ce ga Inna. Ina tsakiyar aikin suyar nama, na leƙa daga nesa na ga ya yi fes, na sa maka albarka.

Watan jiya muka kai Inna Sakkwato. Likita ya ce hawan jinin ido ne, abin da ya tafi ba zai dawo ba, wanda ya rage kuma lallaɓa shi za a yi da magani. Da muka dawo ta kira ni ta ce in fitar mata da babban hoton Malam, wato Baba, irin wanda ake ratayewa, don ƙananan abubuwa sun fara ɓace mata. Na buga shi a babbar takarda, na sa a gilashi, na kai mata tsakar gida inda rana take. Ta kawo shi dab da fuskarta, ta daɗe tana dubawa. Sannan ta miƙo mini ta tambaye ni, mi aka yi wa fuskar mijinta?

Sai a lokacin na duba da kyau. Sharafuddeen, ba karce kaɗai ka goge ba. Baba yana da tsagar gidansu, layuka daga gefen baki har kusa da kunne, ga bille a ƙarƙashin ido. A tsohon hoton sun gauraye da tsattsagewar takarda, kai kuma ka bi su ɗaya bayan ɗaya ka share, ka bar masa kumatu sumul. Na yi fushi har na rasa wanda zan faɗa wa. Na san kana goye aka yi rasuwar, mu kuma ba a yi mana tsaga ba, ba ka da inda za ka san ta. Amma da ka tambaya. Abin da ke ci mini rai da kai ke nan tun kana yaro, in ka ga abu ya tsufa sai ka ɗauka gyara yake jira.

Na koma kwamfuta in ɗauko na asali, babu shi. Wanda ka gyara kaɗai ka bar mini. Na ce to bari in mayar da tsagar da hannuna. Na zaunar da Inna kusa da ni, ita ba ta ganin allon sosai, sai ta riƙa bin kumatuna da yatsa tana nuna mini inda kowane layi ya tashi da inda ya tsaya. Ta ce billen ya katse a tsakiya, don Baba ya motsa a hannun wanzami yana jariri, kakarmu ce ta ba ta labari. Na zana, na goge, na sake zanawa, har na iya buroshin manhajar taka fiye da yadda na so. Da na buga na kai mata, ta duba ta ce na yi ƙoƙari, amma wannan zanen biro ne, aska ba haka take kwanciya a fata ba. Na shiga ɗaki na yi kuka, ban ɓoye maka ba.

To ga abin da nake so. Kafin ka share kwamfutar ka kwashe komai a wani ƙaramin faifai baƙi, ka mayar mini da aikin mutane, ka ce na gida za ka turo daga baya, ka jefa shi a jakarka. Ka nemo shi yau, ba gobe ba. In hoton yana ciki yadda yake da karcensa, kada ka taɓa shi, kada ka ƙara masa haske, kada ka turo ta waya ta matse shi layukan su narke. Ka damƙa faifan a hannun Halliru, yana juyowa da zarar ya sauke shanu. In kuma a kan na asalin ka adana gyaran naka, ka gaya mini gaskiya kai tsaye, in tafi Araba in bi dangi gida gida ko wani yana da tsohon katin Baba. Kada ka ce mini za ka duba. Idon Inna ba ya jiran ka samu sarari.

Ka gaida mini Shafa'atu da kyau, kilishin da ke cikin ƙullin da na ba Halliru nata ne, ban da kai. Ka shafa mini kan Sahabi. Baban Ummu yana gaishe ka, Ummu tana gaida Kawunta, Kawu Umaru da mutanen Araba duk suna gaisuwa.

Inna ta ce kada in yi maka faɗa, ka ga dai yadda na bi maganarta. Hoton da ka share kuwa ta hana ni cire shi daga gilashin. Ta sa an rataye mata shi a gefen gado, ta ce da aka ɗauke tsagar, fuskarka ce sak ta fito, ita kuma ba kullum take ganin ka ba. Ta ce in gaya maka ɗanta ta samu, saura mijinta.

Wassalam.

Yayarka,
Radiyya