Gayya Ba da Igiya Ake Yin Ta Ba

Zuwa ga Mai Girma Alhaji Inusa Mai-lasifika, wakilin ayyuka na yankinmu.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da iyali, ina yi maka barka da damina. Ni ce Tabawa ta Toranke, matar marigayi Malam Habu tela. Na je ƙofar gidanka a Gaya, masu gadi suka ce kana hutawa. Shi ya sa na kawo maganar bainar jama'a, tunda dama a fili ka saba yi mana lacca.

Na farko, ɗana Garba yana tsare a Gaya. Ran kasuwar Ajingi da ta wuce dogarai suka same shi a gona yana noman firi, wato noman farko na cire ciyawa, suka ɗaure shi da igiya. Laifinsa bai fita aikin gayyar da ka kira ba, na share hanyar mota wadda za ta bi ta bakin gonarka ta gyaɗa. Shi kaɗai ne namiji a gidan nan. Fari ya cinye mana daminar bara, bana Allah ya ba da ruwa, ga gero ya fito, ga ciyawa tana neman shaƙe shi.

Na biyu, bari in tuna maka abin da ya fitar da ku kan Turawa, don na ga kujera tana sa mantuwa. Bature zai fito rangadi, a kamo magidanta daga gona su ɗauki akwatunansa da bahon wankansa a ka. A sa su share hanya da tsakiyar damina, ba ko sisi. Ga haraji, ga jangali, ga sikelin kamfani da ke cin gyaɗar talaka. Manyan malaman birni su suka tsaya a gaban Gwamna, kowa ya san sunayensu. Amma a nan ƙasarmu ku uku ne kuka riƙe tafiyar: maigidana, da Jauro Bello wanda aka kwashe wa shanu, da kai mai baki. A gindin tsamiyar kasuwa ka rantse cewa ranar da aka sauke tutar Bature, ba ɗan talakan da za a sake ɗagawa daga kan kunyar gonarsa. Mu mata muna bayan danga muka rangaɗa maka guɗa.

Ka manta ranar da aka zo kamunka? A rumbuna ka ɓuya, na jibga maka dammunan gero a kai, na zauna a gindi ina sussuka kamar ban san komai ba. Da suka rasa ka, Malam suka kama. Bulalar da aka tanadar maka shi ya sha, ni na yi ta shafa wa bayansa man kaɗanya, kuma da tabonta aka kai shi kabari. Garban nan yana goye a bayana lokacin. Kai ka riƙa cewa wannan yaro a cikin 'yanci zai girma.

Na uku, maganar gayya. Alhaji, kai ɗan ƙauye ne, ba sai an koya maka ba. Mai gayya goro yake aikawa gida-gida, ya roƙi mutane. Ba ya sa rana sai ya ga kowa ya fitar da gonarsa daga ciyawa. Matansa su dama fura, su tuƙa tuwo, makaɗa su zo da ganga, shi kansa ya ɗaura warki ya shiga gaba da fartanya. Wanda bai zo ba, iyakarsa a ƙi zuwa tasa. A wannan taka ba goro, ba fura, kai kuma daga cikin mota kake duba aiki. Wannan aikin tilas ne, irin wanda muka sani, riga kawai ka sauya masa. Da Bature ne ya yi mini haka, da ban ji ciwo ba, don bai taɓa shan ruwan randata ba. Naka ne ya ƙona mini rai, kuma wallahi na ji kunya a madadinka.

Roƙona kaɗan ne. A sako mini Garba kafin ciyawa ta gama da geron. A ɗage aikin hanya sai bayan kaka. In kuma gayya kake so da gaske, ka aiko da goro kamar yadda kakanninmu suke yi, ni da kaina zan dama wa ma'aikata fura.

Ba don tsohon alheri nake neman a saki ɗana ba, don alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza, ladana yana wurin Allah. Don ba shi da laifi nake nema. Rumbun nan kuwa yana nan inda ka san shi, sai dai fanko ne. In Garba bai dawo ya yi noman nan ba, bana ko dami ɗaya ba zai shiga cikinsa ba, balle a sami wanda za a rufe mutum da shi.

Allah ya ja zamaninka, ya kare ka daga haƙƙin talaka, ya tuna maka rantsuwar gindin tsamiya tun kana da ikon cika ta. Allah ya jiƙan Malam Habu da Jauro Bello, waɗanda ba su ga wannan rana ba.

Wassalam.

Tabawa matar Malam Habu tela,
Toranke, ta Ajingi.