Ba Ƙasarku Muka Zaɓa Ba, Yaya

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Anti da yara. Allah ya ƙara rufa asiri, ya sa albarka a nemanka. Mu nan lafiya lau, alhamdulillahi. Ƙafar Umma ta yi sauƙi, har ta koma kujerarta ta bakin ɗakin yanka sabulu, tana yi wa ma'aikata faɗa a kan naɗin takarda. Auta kuwa sai ƙiba yake yi, wai nauyin shugabanci ne.

Yaya, na zaɓi rubutu ne don in na ji muryarka a waya ba zan iya faɗin abin da ke bakina ba. Ka san tun da sabulunmu ya fara samun masu saye a waje suke ƙorafin wahalar biyan kamfanin da ba shi da rajista kusa da su, shi ya sa muka fara maganar buɗe reshe a wata ƙasa. Kai ne ka fara cewa a zo ƙasarku, ni kuma na ce maka ai wannan ba ya buƙatar shawara, wa muke da shi a waje in ba kai ba? Magana zarar bunu ce, na zare ta ban tambayi kowa ba.

Da muka zauna da lauya a ofishin sama, inda kwalaye suka cinye rabin wurin, abin da ta fara tambaya shi ne ina masu sayen suke. Muka duba, ashe yawancinsu a wata ƙasa ta bakin teku suke, da maƙwabtanta. A ƙasarku kuwa, ka yi haƙuri, abokanka ne da ƙawayen Anti. Ta ce a binciken da ta yi, in muka yi rajista a wurinku za a cire mana haraji can a sake cirewa nan, kuma sai an sake gwada kowane irin sabulu kafin a bar shi ya hau kantar shago. A ta bakin tekun babu wannan, ga tashar jiragen ruwa a kusa. Na yi gardama, na ce ai muna da ɗan'uwa a can. Ta ce ɗan'uwa rahama ne, amma kamfani kasuwa yake bi. Daga baya Umma ta ce a yi abin da zai riƙe aikin mutanen da ke cin abinci a ƙarƙashinmu, wato a je ta bakin tekun, amma a fara sanar da kai. Muka amsa da to. Daga nan ni ina jiran Auta ya kira ka, shi yana jira na.

Kafin ɗayanmu ya yi ƙarfin hali, sai ga hotonka a zauren iyali na waya. Ka kwashe kayan ɗakin ajiyarka, ka yi fenti, ka sa tebur, ka kafa allo da sunan Umma a kai, ga yaran tsaye a ƙarƙashinsa hannuwansu duk fenti. Ina tsaye a gaban tukunyar haɗa sabulu na gani. Kowa ya gani, babu wanda ya tanka. Kwanaki suka wuce, ka sake rubutowa kana tambaya ko rubutun allon ne bai yi kyau ba, a faɗa maka ka gyara. Auta ya tura maka hoton babban yatsa. Ni ko wannan ban iya ba. Kuma kiranka biyu da ban ɗauka ba, ba aiki ne ya hana ni ba.

Umma ba ta duba waya, ka sani, don haka ta ɗauka mun daɗe da gaya maka. Shekaranjiya ta ce in nuna mata jikokinta, na manta na buɗe mata hoton. Ta riƙe wayar ta daɗe tana kallo, sannan ta tambaye ni yaushe ka yi wannan. Da na faɗa mata, ba ta ɗaga murya ba. Cewa ta yi ba ta san ta haifi 'ya'yan da za su iya zaɓen ƙasa amma su kasa buɗe baki su yi wa yayansu magana ba. Ta sa aka kai mata abincinta ɗaki.

Akwai sauran abin da ya fi nauyi. Lauya ta ce tunda kana da kaso a kamfanin, rajistar ba za ta yiwu ba sai da sa hannunka. Na san yadda abin zai zo maka, kamar ba mu tuna da kai ba sai da muka buƙaci alƙalaminka. Ba ni da bakin musu, ranar wanka ba a ɓoyon cibiya. Har yanzu ina ganin zaɓin daidai ne, yadda muka yi maka ne ba daidai ba. Umma ta yanke cewa ba za a aiko maka da komai ba sai ka ji daga bakinmu, kuma in ka ce a'a, an fasa, ko da masu sayen za su tafi. Auta ya so ya yi magana, ta kalle shi, ya haɗiye. Saboda haka wuƙa da nama suna hannunka, Yaya. Ka yi mana faɗan da ya dace da mu, na fi son shi a kan shirun da ka yi tun bayan kiran nan biyu.

Ka gaida Anti, ka ba ta haƙuri a madadina, na san da ita aka yi wahalar. Ka shafa mini kan Babba da 'Yar Lele. Umma tana sa maka albarka, Kawu da Gwaggo suna gaisuwa. Ranar Asabar zan kira ka, ni da Auta tare. Don Allah ka ɗauka.

Ƙanwarka mai jin kunyarka,
Kumfa